Sulalla a Kwali: A Buɗe Ko a Bari a Rufe?

Duk wanda ya tashi a gidan kasuwanci ya san darajar kwali. Waya sabuwa fil a kwalinta, da wadda aka yage ledarta jiya ko da ba a kunna ta ba, ba kuɗinsu ɗaya ba. Da irin wannan lissafin mutane da yawa suke kallon sulallan nan da Turawa ke bugawa musamman don masu sha'awar tarawa, suna ganin muddin ba a buɗe ba, to kuɗi ne ke ta haihuwa a ciki. Abin da na gani a shagon mahaifina nan Sabon Ibadan, da ɗan abin da na bi na karanta, ya nuna mini rabin maganar ne gaskiya.

Alhaji canji yake yi, yana kuma sayen tsohon zinare da azurfa, ni kuma tun da na gama sakandare nake zama tare da shi. Kayan aikinsa sikeli ne da dutsen gwaji. In an kawo masa liyari, wato azurfar nan mai hoton Mariya Tareza da tsofaffinmu mata ke ratayawa, ba ya ko kallon 1780 da ke jikinta, don ya san an yi ta buga ta da wannan shekarar har bayan shekaru ɗari biyu. Giram yake saye. Masu tara sulalla kuwa abu uku suke saye: ƙarancin abin, lafiyar jikinsa, da yawan masu nemansa.

To ta wajen lafiyar jiki ne kwali yake da rana. Akwai sulallan da ake wa bugu na musamman, fuskarsu na sheƙi kamar madubi. Irin waɗannan, maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya bar musu tabon da ba ya fita, in kuma ka goge da tsumma ka kashe su gaba ɗaya. A Amurka akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, su duba sule su ba shi maki daga 1 zuwa 70, kamar PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987. Ɗan ƙarzanen da sai da gilashi za a gani yana iya sauke sule daga 70 zuwa 69, kuɗinsa ya faɗi warwas. Saboda haka ɗan gidan roba mai tauri da gidan buga kuɗi ya rufe sule a ciki, fasa shi asara ce.

Wani lokacin ma gidan robar kansa yakan zama shaida. Daga 1972 zuwa 1980 gwamnatin Amurka ta sayar da tsofaffin dalolin azurfa kusan miliyan 3 da suka rage a baitulmalinta, yawancinsu bugun garin Carson City, kowace a gidanta na roba. 'Yan kasuwa suka yi ta fasawa suna fitar da dalolin. Yau waɗanda suka tsira a gidansu na asali sun fi 'yan uwansu kuɗi, har NGC takan ba su maki a cikin gidan ba tare da ta fasa ba.

Amma fa kwali ba ya mayar da abu mai yawa ya koma kaɗan. Bara wani dattijo Bayarabe, tsohon malamin makaranta, ya shigo shago da ɗan kwali a liƙe, da tambarin gidan waya na Amurka na 1975 a jikinsa. Yayansa ne ya dawo da shi daga karatu a can, ya rasu ya bar shi a akwati. Jikarsa ta samu jami'a, kuɗin rajista yake nema. Ya ce, "Alhaji, shekara wajen 50 ke nan ba a taɓa buɗe shi ba, ka faɗi abin da za ka saya." Alhaji ya juya kwalin, ya girgiza shi kusa da kunne, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ni ba na cinikin biri a sama."

Ni aka sa na duba a waya. Abin da ke ciki jerin sulallan Amurka ne masu sheƙi na shekarar, daga santi ɗaya har dala ɗaya. A 1975 an sayar da jeri ɗaya dala 7, kuma an buga sama da miliyan 2 da dubu 800. Babu azurfa a cikinsu, jan ƙarfe ne da nikel. Kusan duk wanda ya saya a lokacin ɓoyewa ya yi, da irin tunanin yayan dattijon nan, shi ya sa har yau suna nan jibge, kuma farashinsu bai yi wani nisa da dala 7 ɗin ba, alhali dala 7 ta wancan zamani ta fi ta yau ƙarfi nesa ba kusa ba.

Sai dai akwai wani abu guda. A San Francisco aka buga su, kowane sule yana da harafin S a jiki. Cikin miliyoyin nan, an san guda biyu tak na santi 10 da suka fito babu S ɗin, kuma a 2024 an sayar da ɗaya sama da dala dubu 500. Na fassara wa Alhaji, ya ce, "To ai maganar ta ƙare. Baba, buɗe kwalin waje, kada ka taɓa robar." Dattijo ya buɗe da hannunsa, jeri biyar ne, muka bi su ɗaya bayan ɗaya da gilashin duba zinare. Duk da S ɗinsu. Ya yi shiru, sannan ya mayar da su jaka ya ce zai ba jikar ta ajiye don tunawa da kakanta, kuɗin makaranta kuma ya nema ta wata hanya tun da sauran lokaci.

Gaskiya a can Amurka akwai masu sayen irin wannan kwalin a liƙe da ɗan ƙari, don begen ko za su dace. Wannan ƙarin kuɗin bege ne, kuma a layinmu babu mai biyansa. Akwai kuma haɗari. Jerin da aka yi daga 1955 zuwa 1964 a ambulan suke zuwa, kuma ana sayar da sababbin ambulan irinsu sak, wasu su tsince masu kyau, su zuba ragowa, su liƙe, su ce ba a taɓa buɗewa ba. Mu da muka san ana sake wa tsohuwar waya leda, wannan ba zai ba mu mamaki ba.

Sannan sule yana lalacewa ko a rufe. Leda mai laushi ta PVC tana fitar da wani koren maiƙo mai cin ƙarfe. Wasu takardu da kwalaye suna sa azurfa ta yi baƙi. Ga danshin nan na Kudu, wanda ko takalmi ka ajiye wata biyu sai ya yi fumfuna, kuma ba kowane gidan roba ne ke hana iska shiga ba. Wanda bai duba kayansa shekara 20 ba, bai san halin da suke ciki ba.

Shawarata ga duk wanda ya gaji irin wannan kaya ko aka aiko masa: robar da ake ganin sule ta cikinta a bar ta yadda take. Kwalin waje a buɗe a hankali, a adana shi tare da takardar shaida, don mai saye zai nema. A ajiye a busasshen wuri da ɗan ƙullin nan mai shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi, a riƙa leƙawa bayan damina. Kafin kuma mutum ya ɗora kuɗin makaranta ko na aure a kansa, ya binciki guda nawa aka buga, da wane ƙarfe, kuma wa zai saya.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.