RANAR DA HARAFIN ƊA YA KUNYATA NI

 Na daɗe ina son in ba ku wannan labari nauyi yana hana ni, to yau dai na cije zan faɗa, tunda abin ya wuce har ni kaina in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai a ɗaki.

A shekarar 2019 ne, na shekara guda cur a gida da gama sakandare, jarrabawar shiga jami'a ba ta yi min kyau ba, aikina daga shara da wanke-wanke sai taya Umma suya. Umma sana'arta kayan gara, alkaki da nakiya da dubulan da cincin, duk unguwarmu in za a kai gara ita ake kawo wa aiki. Yayana kuwa gyaran waya yake yi a kasuwar Farm Centre a nan Kano. Wata rana da daddare ya shigo da wata tsohuwar laftof wadda batirinta ya mutu, sai an jona ta da wuta take kawowa, ya dire min ita a kan tabarma ya ce, "Ga shi nan, ki rage zaman kashe wando." Daga nan ya ce akwai wasu abokansa da suke haɗuwa duk Asabar ɗin ƙarshen wata suna koya wa juna yadda ake gina shafin intanet, ba a biyan ko sisi, sai dai ɗan karo-karon man janareta, in ina so zai kai ni.

So kam ina so, amma Baba fa? Kwana uku Umma tana lallaɓa shi. Baba Uwata yake kirana domin sunan mahaifiyarsa na ci, to a rana ta ukun ya kira ni zaure ya ce, "Uwata, ni ban taɓa hana ki neman ilimi ba, amma sharaɗina biyu ne. Ƙafarki ƙafar yayanki, sannan kada kiran sallar magariba ya same ki a waje. Ranar da kika saɓa, ranar an gama." Na durƙusa na ce, "To Baba, na gode, Allah ya ƙara girma."

Wurin taron wani ɗaki ne a saman bene, na wata makarantar koyon kwamfuta da take ba su aro ranar da babu ɗalibai. Da na leƙa sai da gabana ya faɗi, maza ne cike wajen mutum arba'in, kowa ya duƙufa a kan laftof, wayoyin wuta sun sarƙe a ƙasa sai ka ce taliya. Mata uku kacal na hango a can ƙurya. Har na juya zan koma sai na ji babbar cikinsu ta ce, "Matso nan ƙanwata, ga wuri." Wannan baiwar Allah matar aure ce mai 'ya'ya uku, tana yi wa makarantun kuɗi shafukansu, kowa a wurin Anti yake ce mata, ni ma na bi sahu.

Ana farawa ne bayan la'asar. Mutum ɗaya zai tashi ya yi bayani a kan abin da ya iya na kamar minti ashirin, daga nan kowa ya gwada a kan na'urarsa, wanda ya gane ya zagaya ya taimaki wanda bai gane ba, a ƙarshe kuma a kunna majigi duk mai wani aiki da yake yi ya fito ya haska a bango a gani. Babu malami babu ɗalibi, wanda ya koyar yau gobe shi ne mai tambaya. Akwai ɗan jami'a, akwai ma'aikacin banki, akwai tela, har da wani dattijo malamin firamare mai furfura wanda ya fi kowa yawan tambaya.

Telan nan ne ya yi bayani ranar da na fara zuwa, kuma har gobe ban ji wanda ya fi shi iya misali ba. Ya ce mu ɗauki shafi kamar ɗakin amarya. HTML shi ne ginin, bango da ƙofa da taga, shi yake cewa nan kanun labari ne, nan hoto ne. CSS shi ne jere, fenti da labule da inda za a ajiye gado. JavaScript kuma shi ne wutar lantarki, ka danna makunni fanka ta juya. Ya ce wani Bature ɗan Ingila mai suna Tim Berners-Lee ne ya fito da tsarin yanar gizon a 1989 yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Janeba, kuma a 1993 cibiyar ta sakar wa duniya shi kyauta. "To abin da mai shi ya bayar kyauta," in ji tela, "mu wane ne da za mu ɓoye wa juna?"

Kada in ɓoye muku, akwai kuma masu zuwa da wata manufa. Zuwana na biyu wani mai ƙamshin turare ya matso wai in ba shi lambata zai riƙa turo min darussa. Kafin in buɗe baki Anti ta ce, "Malam, tura wa yayanta, ga shi can." Ashe doka ce a ƙungiyar, duk mai taimako ya yi shi a fili a gaban kowa. Bai ƙara matsowa ba, darussan ma har yau ban gansu ba.

Wata huɗu ina zuwa, kuma kullum ana shirin kunna majigi nake tattara jakata, saboda shida ta kusa ga hanya ga neman A Daidaita Sahu. Sauran 'yan matan biyu ma haka. Ke nan mu mata ba mu taɓa haska aikinmu ba ko sau ɗaya, Anti kaɗai ke tsayawa domin maigidanta yana zuwa ɗaukarta. Abin yana ci min rai, don kuwa na gina wa Umma shafin sana'arta, na ɗauki hotunan alkaki a faranti mai kyau, na yi masa jere da ruwan goro da fari. A sama na rubuta, "Kayan gara masu daɗi, ɗanɗano irin na gida." Kuma na yi wa kaina alkawarin ba zan yi irin rubutun littattafan da muka taso muna karantawa ba, inda sai ka yi ta laluben ko ƙafa ake nufi ko kafa. Kowane ɗa da ƙa da ɓa sai da na sa masa lanƙwasarsa, a waya nake bugawa in kwaso in zuba a laftof ɗaya bayan ɗaya.

A wata na biyar na roƙi mai jagorantar taron ya sa ni a farko, ya ce to. Yaya ya taimaka min muka ɗora shafin a kan sabar wani abokinsa, wato kwamfutar da take ajiye shafuka don kowa ya iya buɗewa daga ko'ina. Ana gab da farawa aka ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi, aka yi ta ja. Ina kallon agogo, wallahi ina kallo, Yaya ma ya yi min alama da ido mu tafi, na kau da kai kamar ban gani ba. Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Wuta ta kawo, na tashi jikina yana rawa, aka buɗe shafin a bango ƙato. Hotuna sun fito tas. Amma a saman, da manyan baƙaƙe, maimakon daɗi sai ga wannan: daÉ—i. Ɗanɗano kuwa ba a magana, ya koma wani abu kamar rubutun aljanu, ƙuli-ƙulin da na sa a ƙasa ya zama Æ™uli. Wani daga baya ya yi ƙoƙarin karantawa da ƙarfi, ɗakin ya kwashe da dariya. 'Yan uwa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ko laftof ɗin ban rufe ba na fizge waya na yi waje, hawaye sharrr, Yaya yana bina yana kira.

Muna shan kwanar layinmu ladan yana kai ƙarshen kira. Baba yana kan dakali da buta a hannu. Ya dube ni, ya dubi Yaya, bai ce uffan ba ya wuce masallaci. Washegari Umma ta ce min, "Babanku ya ce an gama." Yaya kuwa faɗan da ya sha ya fi nawa sau goma, sati biyu ba ya yi min magana.

Na sa laftof a ƙarƙashin gado na ce ni da ita har abada. Taro biyu aka yi babu ni. Rannan da hantsi muna tsaka da murza dubulan sai ga sallama, Anti ce da goyonta. Ta gaisa da Umma kamar sun shekara da sanin juna, ta zauna ta sa hannu a aikin, sai da aka sauke kasko sannan ta ce in ɗauko na'urar.

Ta ce, "Kin san bayan fitarki rabin awa aka yi a kan shafinki? Masu dariyar nan fiye da rabinsu ba su san dalilin ba, don da Turanci suke rubuta nasu, ba su taɓa cin karo da shi ba." Sannan ta yi min bayani dalla-dalla. Kwamfuta lamba kawai ta sani, kowane harafi da lambarsa. Tsohon tsarin da Turawan yamma suka yi amfani da shi gurbi 256 ne da shi, babu ɗa babu ƙa babu ɓa a ciki. A 1991 aka fito da Unicode, wanda yake ba haruffan harsunan duniya kowanne lambarsa, har da namu, har da na Larabci. A 1992 wasu mutum biyu, Ken Thompson da Rob Pike, suka tsara hanyar adana waɗannan lambobi da ake kira UTF-8, inda harafin Turanci yake cin ma'aji ɗaya, namu mai lanƙwasa kuma ya ci biyu. To in ba ki gaya wa burauza da wane tsari kika rubuta ba, sai ta ɗauki biyun nan ta karanta su da tsohon tsari a matsayin haruffa biyu daban. Na ce, "To Anti ai a gida lafiya lau yake fitowa." Ta ce a gida daga cikin na'urarki kike buɗewa, burauza takan yi hasashe ta dace, da aka ɗora a saba kuwa babu wanda ya gaya mata komai.

Ta sa ni na rubuta layi ɗaya tak a saman shafin, meta charset="utf-8", muka sake ɗorawa da datar wayarta. Daɗi ya dawo daɗi. Layi ɗaya fa! Na rasa kuka zan yi ko dariya, Umma tana ta tambaya wai me aka gyara.

Ashe ba wannan kaɗai ya kawo ta ba. A taron da ya wuce ta miƙe ta ce ba a yi wa mata adalci ba, ta yaya za a ce ƙofa a buɗe take ga kowa alhali an ajiye nuna aiki a lokacin da kowace 'yar mutunci dole ta kasance a gida? Ta nemi a mai da taron safe. Aka yi ta cacar baki, 'yan kasuwa irin su Yaya suka ce safiyar Asabar ita ce cinikinsu, wani ma ya ce don mutum uku za a wahalar da arba'in? Dattijon nan malamin firamare ya ce masa, "Da an gyara lokacin ai da ba uku za ka gani ba." Aka dai tsaya a kan a fara bayan azahar, a yi la'asar a wurin, a tashi ƙarfe biyar, nuna aiki kuma a dawo da shi tsakiya.

Anti ta jira har Baba ya dawo daga kasuwa, ta durƙusa daga bakin zaure ta gaishe shi, ta ba shi haƙuri a madadin ƙungiya, ta faɗa masa sabon lokacin. Ya yi shiru mai tsawo sannan ya ce zai duba. Sai bayan kwana biyar ya ce wa Umma, "Tunda mutanen nan sun san darajar magariba, ta koma. Amma sharaɗina yana nan."

Ranar da na koma ni aka ba minti ashirin ɗin farko, a kan haruffanmu masu lanƙwasa. Muryata ta yi rawa a farko, na cire layin a gabansu daɗi ya lalace, na mayar ya gyaru, har wanda ya karanta da ƙarfi rannan na ga yana rubutawa a littafinsa. Daga baya ya zo ya ba ni haƙuri, na ce ya wuce, ko da yake a raina sai da na ɗan ja masa tsaki.

Da cutar korona ta zo aka rufe Kano a watan Afrilun 2020, taron ya koma ta waya, tsadar data ta kori mutane da dama, wasu har yau ba su dawo ba. Da muka dawo benenmu sai da muka yi kamar sabon farawa. Amma kujerun mata yanzu layi biyu ne, yawancinsu 'yan sakandare da iyayensu suka yarda saboda ƙarfe biyar ɗin nan, wasu ni nake zuwa gidajensu in durƙusa a bakin zaure kamar yadda aka yi min.

Asabar ɗin da ta wuce wata 'yar aji biyar ta haska shafin da ta yi wa kakarta mai sayar da ƙosai, sai ga Æ™osai ɓaro-ɓaro a bango. Na ga idonta ya ciko, hannunta ya kai kan jaka. Na riƙe mata mayafi na ce, "Zauna ƙanwata, buɗe saman shafin ki karanta min abin da kika rubuta a layi na uku."