Kasafin mai zane a cikin ganuwar Zazzau

A 2017 Roye Okupe, ɗan Najeriya mazaunin Amurka, ya fitar da Malika: Warrior Queen, labari cikin zane da ya samo tushe daga tarihin Sarauniya Amina, da gudummawar da masu karatu suka tara masa ta Kickstarter. Matashin da ke zane a wani zaure kusa da Ƙofar Doka, a gindin ganuwar garin Aminar, ba shi da wannan damar, domin Kickstarter ba ya buɗe wa mazauna Najeriya shafin neman tallafi. Jarinsa WhatsApp ne, da lambar asusun banki, da mutuncinsa a unguwa.

Karo-karo ba baƙon abu ba ne a Zazzau, adashi ya daɗe da koyar da shi. Inda gizo ke saƙa shi ne tukuicin da zai yi wa masu bayarwa alkawari. Sa sunan mutum a bangon littafi ba ya cin ko sisi. Zana fuskarsa cikin dogaran fada ƙarin aiki ne kawai. Kwafin da za a buga shi ke cinye kuɗin: yawancin takarda daga waje ake shigo da ita, farashinta na bin dala, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 kuɗin da maɗaba'a ta yanka da rani ba lalle ya kai damina ba. Ladan direban tasha da zai kai littafi Sakkwato kuwa, sai an gama bugu ake tunawa da shi. Wanda ya fara biya, sau da yawa, maƙwabci ne da zai riƙa tambayar littafinsa duk safiya a bakin zaure.