Masaukin ƙasa a tsohon garin Agadas

A farkon shekarar 2006 Agadas cike take da baƙi. Da hunturu ya kama, jirgin sama yakan taso kai tsaye daga Faransa ya sauka a filin jirgin Mano Dayak, ya juye Turawa masu jakar goyo, ga motocin kat-kat sun yi layi suna jiransu, an ɗaure wa kowace jarkokin ruwa da itacen girki a sama. Ni ta ƙasa na je. Daga Kano na bi ta Daura, na tsallaka iyaka zuwa Damagaram, na wuce Tanut, na miƙi hanyar arewa wadda ayarin gishiri ya sani tun kafin a san kwalta. Wani aminin mahaifina, mai kai wa Buzaye turkuɗin Kura, shi ya yi mini kwatancen inda zan sauka. Ya ce kada in nemi babban otal, in shiga tsohon gari in tambayi gidan baƙin da ke bayan masallaci, ko yaro zai kai ni.

Yaro kuwa shi ya kai ni, ta lunguna masu kwana-kwana waɗanda mota ba ta shiga. Daga waje babu abin da ya bambanta gidan da na maƙwabta: katanga ja, indararo, ƙofar katako mai ƙusoshi. Sai ka yi sallama a zaure, ka ratsa na biyu, sannan tsakar gida ta buɗe maka. An shimfiɗe ta da farin yashin da ake ɗebowa daga ƙoramar Telwa, kullum da safe a share shi a daidaita. Ɗakunan ba su kai goma ba, kuma babu lamba a ƙofar ko ɗaya. Idan ana maganar baƙo sai dai a ce mai ɗakin kusa da randa, ko mai ɗakin soro.

Nawa ɗakin yana ƙasa, ta gabas. Kaurin bangonsa ya kusa kamu biyu, rufinsa azara ce aka jera aka ɗora tabarmi da ƙasa, tagarsa 'yar ƙarama can sama. Gadon irin na Abzinawa ne mai sassaƙaƙƙun ƙafafu, da matasan fata masu tuntu, da bargo mai nauyi. Babu talabijin, babu na'urar sanyaya ɗaki, ban kuma nemi ko ɗaya ba. Bangon ƙasa yakan shanye zafin rana a hankali, ya riƙe shi, sai dare ya raba, sanyin hamada ya sauko, sannan ya riƙa sako shi. Da azahar ka shiga ka ji sanyi, da asuba ka farka cikin ɗumi. Ƙamshin ɗakin idan an yayyafa ruwa, sak na ɗakin kakata a cikin birnin Kano, wanda aka rushe ina ɗan makaranta aka ɗora bulo da kwano a gurbinsa, muka yi ta murna wai mun ci gaba. A Agadas na ga mutane sun keto teku da hamada, sun biya kuɗi masu kauri, don su kwana a irin ɗakin da muka yar. Abin ya tsaya mini a rai, har yau kuma bai sauka ba.

Wanda ya sauka a gidan bai san daɗinsa ba sai ya hau soro. Daga can hasumiyar babban masallaci tana gabanka, mita 27 ta tsantsar ƙasa, faɗi daga gindi, tana tsukewa har ƙoli. An gina ta wajen 1515, aka sabunta ta a 1844. Itatuwan da suka yi cirko-cirko a jikinta suna riƙe ginin, su ne kuma matakalar magina idan lokacin yaɓe ya zo. Da hantsi launinta ja ne, da la'asar sakaliya ta koma ruwan zuma. Kusa da ita fadar Sarkin Abzin take, daga arewa kuma duwatsu sun yi shuɗi-shuɗi cikin hazo. A soron nan ake karyawa: burodi mai zafi, cuku, dabino, da lemun Timiya, ƙauyen da ke cikin duwatsu inda ake noman lambu da ruwan rijiya. Turawan sukan yi shiru idan ladan ya ɗaga murya, wasu har su ajiye kofi.

Maigidan Buzu ne, ya yi shekaru yana jagorancin masu yawon buɗe ido kafin ya gyara gidan gadonsu ya mai da shi masauki. Da Turawa Faransanci yake yi, da iyalinsa Buzanci, da sauran gari kuwa Hausa, domin ita ce harshen kasuwa da titi a Agadas. Wannan ya sa zamana ya bambanta da na sauran baƙi. Su ana jera musu tebur da cokula, ni kuwa tun daren farko uwargida ta aiko yarinya ta ce, in Malam ba zai damu ba, akwai tuwon gero a ciki. Daga ranar tare da mutanen gidan nake cin abincin dare, a tabarma, kusa da murhu.

Wanda na fi zama da shi mai gadi ne, dattijo mai rawani da amawali, wanda bai taɓa bari na ga bakinsa ba ko yana shan shayi. Da ƙuruciyarsa ya bi ayari zuwa Fashi da Balma, tafiyar makonni cikin Tenere, a kai gero a komo da kantun gishiri da dabino. Yakan dafa shayi a 'yar buta kan gawayi, dahuwa uku, ba ya gaggawa, ba ya kuma yarda ka tashi bayan kofin farko.

"Malam, zauna," in ji shi. "Ina za ka da daren nan? Garin ba gudu zai yi ba."

"Baba, sanyi ne ya ishe ni."

"Wannan ne sanyi? Wanda ya kwana a Tenere cikin hunturu, ya tashi ya tarar ruwan salka ya daskare, shi ya san sanyi."

Ya nuna mini yadda madugu ke kama hanya da taurari, ya faɗa mini yadda ake ɗaure wa raƙuma ciyawar da za su ci a hanya, a bar wata a binne don dawowa. Ya kuma ba ni labarin shekarun da gasar motocin Dakar take ratsa garin, musamman 1997 da aka sa sunan Agadas a cikin sunan gasar, aka taso daga Dakar aka juyo daga nan. Ya ce a makon har a soron mutane ake kwana, a biya.

Da na kwana biyu sai na fara lura da yawan bakunan da ƙaramin gidan nan yake ciyarwa. Da sassafe mai lambu ya shigo da jaki, ya kawo tumatir da albasa da na'ana'a. Da hantsi maƙera su baje kolinsu a zaure, sarƙoƙin azurfa da zobba da tambarin nan na Agadas da duniya ta sani. Mata masu dukanci su aiko da jakunkuna da matasai. Ga mai wanki, ga mai kawo ruwa, ga bakaniken da ke kwana ƙarƙashin mota don ta tashi da asuba, ga direbobi da kukun tafiya da yaran mota. Maigida ne ke haɗa kowa da kowa. Shi zai ce wa baƙo wannan maƙerin azurfarsa ta gaske ce, wannan direban ya san rijiyoyi, idan kuma aka yi saɓani a ciniki shi zai raba gardama. Aikin fatoma ke nan, wanda fatake suka sani a kowane zango daga Kano har Gat: ya sauke ka, ya ciyar da kai, ya tsaya maka, sunansa ne jinginarka. Ko Heinrich Barth, da ya iso Agadas a 1850 yana amsa sunan Abdulkarim, a gidan mutane aka sauke shi, har yanzu kuma ana nuna gidan. Abin da na gani tsohuwar sana'a ce ta ci gaba, baƙin ne kawai suka sake.

Na shiga mota ɗaya da wasu baƙi muka je Dabus, muka ga raƙuman dawan da mutanen dā suka zana a jikin dutse, babban ya haura mita biyar. Abin kallo ne ƙwarai. Amma idan na tuna tafiyar nan, tsakar gidan ce take fara zuwa mini.

Shekara guda bayan komowata, a Fabrairun 2007, 'yan tawayen MNJ suka kai hari a Iferwan, aka binne nakiyoyi a hanyoyin duwatsu, jiragen hunturu suka daina zuwa. Tawayen ya lafa a 2009, a shekarar kuma ambaliya ta cinye gidaje masu yawa a garin. A 2010 aka sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit, ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu da su ƙaurace wa yankin baki ɗaya. A Mayun 2013 aka tayar da bam a barikin sojan Agadas, wata guda bayan haka hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Karramawar ta zo a lokacin da masu zuwa kallo suka riga suka ɗauke ƙafa.

Direban da ya kai mu Dabus yakan kira ni jefi-jefi. Da baƙi suka yanke, ya koma ɗaukar matafiya zuwa Libiya, har dokar 2015 ta haramta wannan, aka kama motocin abokansa da dama. Daga nan ya bi masu haƙar zinariya zuwa Jado. Daga bakinsa na ji cewa Baba mai gadi ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama, maƙeran zaure kuma wasu sun koma Yamai, wasu suna yawo da kayansu har Abuja da Legas. Maigida yana nan, ya tsufa, ya ba da ɗakunan haya ga ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, wata-wata ake biyansa. Na tambayi direban ko ginin bai lalace ba. Ya ce ko kusa, duk shekara bayan damina maigida sai ya kira magina sun yi yaɓe, ko da bashi ne.