Daga Magariya Zuwa Dungas a Tsohuwar Fijo

Da kaka na bar Damagaram zuwa Dungas gaida dangi. Motar haya ta bi da mu ta Dogo da Bande, inda masu rake suka jeru a bakin hanya, muka sauka a Magariya bayan tafiyar kimanin kilomita 90. A tasha na samu wata akori-kura ƙirar Fijo 404 mai zagayen kasuwannin ƙauye, an ɗaure mata buhunan gyaɗa da riɗi. Tun 1960 kamfanin Peugeot ya fara ƙera Fijo 404 a Faransa, ga ta har yau tana ɗaukar kayan talakawa.

Direba ya murɗa makulli, sai ƙaras kawai muka ji. Muka sauko muka tura, ta tashi, amma ya ce ba zai shiga yashi da motar da sai an tura ba. Niyyarsa ya aika Babura a sayo masa sabon kik. Wani dattijo mai gyaran wayar mota a bayan tasha ne ya tsayar da shi.

"Baba, kik ne ya mutu," in ji direban.

"Yaro, kunna fitilu tukuna, sannan ka murɗa."

Ya murɗa, fitilun suka dushe kamar aci-balbal ta ƙare mai. Dattijon ya ce da fitilun sun tsaya da haskensu kik na ƙaras, da sai a duba solanoyid ko gawayin cikin kik ɗin da ya cinye. Da kuma kik na juyawa fayau inji bai motsa ba, haƙorin da ke kama filawil ne ya zame. Tunda wuta ce ta faɗi, sai a fara da batir. Ya kankare farin gishirin da ya taru a kawunansa, ya ƙara ɗaure wayar da ke haɗa shi da jikin mota, ya ɗora mita: bai kai bolt 12 ba, alhali lafiyayye yana nuna 12.6.

Sai ya nuna mana tushen ciwon. Motar dinamo gare ta, shi kuwa ba ya ba da wutar kirki sai inji na gudu sosai, ƙarfinsa duka amfa 20 zuwa 30. Motar kasuwa kuwa rabin yininta a tsaye take ana lodi, inji na aiki a hankali, fasinja na cajin wayoyi, da dare ga fitilu. Kullum batir na bayarwa fiye da abin da yake samu.

Ya ɗauko alternato da aka ciro daga Fijo 504, irin wadda a da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, shi ya sa kayanta ba su wuya a bakin iyaka. Ya cire dinamo da katawut ɗinsa, mai walda ya gyara mazauni har fulin ya daidaita da na inji, domin in ya karkace fambel ba ya kwana. Ya ja waya mai kauri zuwa batir, ya haɗa siririya da jar fitilar gaban direba, ya ce ta nan alternato ke samun wutar farko, in ƙwan ya ƙone yana iya ƙin caji. Ya ƙara da cewa tsofaffin Land Rover na kafin 1967 kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da jikinsu, dole a juya shi kafin wannan aiki. Aka tayar da inji, mita ta nuna bolt 14 mota na tsaye.

"In ka sake ka cire kan batir inji na aiki don gwada caji, ka ƙone alternaton," ya gargaɗi direban.

Bayan la'asar muka kama hanyar gabas. Gonaki cike da gawo da manoman yankin suka bari ya tsiro, an girbe gero, shanu na kiwo a kara. Mun tsaya ƙauyuka ana sauke kaya, direba ya kashe inji ba fargaba, murɗa ɗaya take tashi. Da dare muka shiga Dungas, wadda aka cire daga Magariya ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, fitilu na haska yashi tar. Motar za ta wuce Maigatari kasuwar Alhamis.

Irin waɗannan motoci su ke kai amfanin gona kasuwa da mara lafiya asibiti, ilimin dattawan gareji ne kuma ke riƙe da su. Direbobi, ku auna wuta kafin ku sayi kik. Samari kuma ku zauna gaban waɗannan dattawa ku koyi sana'ar tun suna raye.