Me ya sa mutum ke ƙin kuɗin da aka miƙa masa?

A 1982 masana tattalin arziki a Jamus suka ƙirƙiro wani gwaji. Ana ba mutum kuɗi ya raba da wani. In wancan ya ƙi kasonsa, dukansu sun rasa. A lissafi, ko ƙwandala aka ba ka, karɓa ta fi. Amma da yawa suna ƙi idan kason ya yi ƙanƙanta.

A 2003 Alan Sanfey da abokan aikinsa a Jami'ar Princeton ta Amurka suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu gwajin. Suka ga sashen da ake kira insula, mai alaƙa da ƙyama, yana motsawa idan rabon bai yi adalci ba.

Shin an gano dalili ke nan? Ni ban gamsu ba. A zaman sulhu da nake rubuta wa dattijonmu, na sha ganin mutum ya ture kasonsa yana cewa, "Ni za a raina?" Na'ura tana nuna inda fushi ke tashi, ba ta faɗin abin da jama'a suka ɗauka raini.

Da aka kai gwajin wajen Machiguenga na ƙasar Peru, sai suka riƙa karɓar ɗan kaɗan ba gardama. Wasu mutanen Au da Gnau na Papua New Guinea kuwa har fiye da rabi sun ƙi, domin a wurinsu kyauta bashi ce. Halittar ƙwaƙwalwa ɗaya, hukunci daban.

Saboda haka mai son fahimtar aikin ɗan Adam sai ya tambayi abin da mutanensa ke kira haƙƙi da mutunci. Mai sulhu ma, kafin ya ƙara kuɗi, ya fara jin wace magana ce ta taɓa zuciya.