Fyaucewa da Buhun Masara

A makon Kirsimeti mun taru a zumuntar matasa muka kalli fim ɗin Left Behind, wanda aka ɗauko daga littafin Tim LaHaye da Jerry Jenkins na 1995. A ciki an fyauce masu bi, magabcin Almasihu kuma ya hau kujerar shugabancin Majalisar Ɗinkin Duniya. Kafin mu watse, kowannenmu ya gano nasa magabcin cikin 'yan siyasarmu, kuma abin dariya, duk daga jam'iyyar da ba ya so. Wani har ya ce katin zaɓe ba shi da amfani, tunda duniyar ƙonewa za ta yi.

Wannan maganar ta hana mu barci. Muka buɗe Matiyu sura 2. Tsoron rasa sarauta ya sa Hirudus kashe jariran Baitalami, Yusufu ya kwashi iyalinsa da dare sai Masar. Ashe Mai Cetonmu ɗan gudun hijira ne tun yana goye.

A bayan majami'armu akwai iyalai daga Gwoza, Kirista da Musulmi, da muka sha wucewa ba gaisuwa. Mun haɗa kuɗin ɗinkin sabuwar shekara, ya sayi buhun masara biyu. Ranar Asabar za mu kai.