Ranar da Na Kusa Tone Shuka da Ranta

Mai karatu, labarin da zan ba ka ya faru ne a birnin Leeds na ƙasar Ingila, inda na je ƙaro ilimi a shekarar 2010. Na kama hayar ɗaki a gidan wata dattijuwa Baturiya wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Da yake bakina ba ya iya kiran sa'ar kakata da sunanta, sai na laƙaba mata Iya, ita kuwa ta amsa, har ma ta riƙa ce mini ɗana.

A bayan gidan akwai ɗan lambu wanda bai fi faɗin tsakar gida ba, kuma abin da Iya ta fi ji da shi a ciki shi ne wata shuka mai yaɗo da ake kira kilematis. Tana hawa ne kamar yadda duma ke hawa danga, sai dai ita da silin ganyenta take naɗe duk abin da ta samu ta yi sama. Iri uku ne a lambun. Ta farko tana bakin ƙofar baya, sunanta Jackmanii, wadda wani mai renon shuke-shuke, George Jackman na garin Woking, ya samar ta hanyar auren iri biyu, ta fara fure a 1862. Wannan marigayi mijin Iya ne ya dasa ta da hannunsa. Ta biyu ita ce montana, 'yar asalin tsaunukan Himalaya, wadda ta lulluɓe shingen katako. Ta uku kuwa armandii ce, daga ƙasar Sin, mai ganye kore shar rani da damina.

To, a ƙarshen watan Nuwamba na wannan shekara sai dusar ƙanƙara ta sauko, ta kuma ƙi tafiya. Hukumar kula da yanayi ta Birtaniya ta bayyana cewa an shekara 100 ba a ga Disamba mai sanyi irin na 2010 ba. Hatta filin jirgin sama na Heathrow sai da ya tsaya cik ana dab da Kirsimeti. Ni da nake taƙama da cewa na san hunturu, a nan na gane ashe sunan ne kawai muka fassara, amma abin ba ɗaya ba ne. Hunturunmu yana fasa leɓe da dunduniya, nasu kuwa yana daskarar da ƙasa ta koma kamar dutse, ya fasa bututun ruwa a cikin bango.

Ana cikin wannan hali ne Iya ta zame a bakin ƙofa ta karye a ƙugu. Bayan an sallame ta daga asibiti, 'yarta ta ɗauke ta zuwa wani gari domin jinya, aka bar ni ni kaɗai da gida.

Ran nan a ƙarshen Fabrairun 2011 sai ga wayarta. Bayan mun gaisa ta ce, "Ɗana, don Allah leƙa lambu ka duba mini kilematis ɗina, musamman ta bakin ƙofa." Na sa rigar sanyi na fita. Abin da na tarar bai yi mini daɗin gani ba, domin kuwa ta bakin ƙofa ta koma tarin ƙirare, ba ganye ko ɗaya, na kama wani reshe ya karye ƙas a hannuna. A wurinmu irin wannan sai murhu. Armandii kuwa da sauran ganye a jikinta, ko da yake ya yi launin ƙasa, saboda haka na yanke hukuncin cewa ita ce mai sauran numfashi.

Na ɗauki shebur da niyyar tone matacciyar kafin Iya ta dawo, don kada ta gan ta ranta ya ɓaci. Har na kafa bakin shebur a gindinta, sai zuciyata ta ce ai ba a taɓa kayan mutum sai da izininsa. Na koma na kira ta na ce, "Iya, sai haƙuri, ta bakin ƙofa ta mutu."

Ta yi shiru mai tsawo, har na zaci layin ya katse. Can ta ce, "Wa ya gaya maka?" Na ce idona ne ya gani. Ta ce, "Koma ka durƙusa a gindinta, ka kankare bawon kara da farcenka, can ƙasa-ƙasa."

Na durƙusa a kan ƙasa mai sanyi na kankare. Wallahi a ƙarƙashin wannan busasshen bawo sai ga kore ɗanye. Ta ce in bi karan gaɓa-gaɓa kamar mai duba idon rake. A gaɓa ta biyu daga ƙasa na ga toho guda biyu suna fuskantar juna, kowane bai fi ƙwayar dawa ba. Da na gaya mata sai na ji muryarta ta sake, ta yi wata 'yar dariya da ban taɓa jin ta yi ba tun da ta kwanta.

Daga nan ta shiga karantar da ni ta waya. Ta ce ita Jackmanii a sabon reshe take fure, don haka a ƙarshen sanyi ake datse ta a bar kamar santimita 30 daga ƙasa, daidai saman toho masu ƙarfi. Bushewar samanta ba komai ba ce, muddin saiwa na da rai. Ta ƙara da cewa marigayi ya binne gindin da zurfi fiye da yadda yake a tukunyar da aka sayo shi, kamar yadda masana lambu ke ba da shawara, domin ko sama ta halaka, idanun da ke cikin ƙasa za su sake tsirowa. Na ɗauko almakashin lambu na datse ta kamar yadda ta ce.

Sai dai fa an ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da na ga na iya, sai na wuce wurin montana ban tambaya ba, na yi mata irin wannan aski. Ashe ita a tsohon reshen bara take ɗaukar fure, kuma ba a taɓa ta sai ta gama furenta a bazararsu. Ke nan na zubar da furen shekara guda da hannuna. Da watan Mayu ya zo, shingen maƙwabta ya yi fari fat, namu kuwa sai ganye. Iya, wadda ta dawo gida a Afrilu tana dogara sanda, ta dube ni ta girgiza kai, ta ce ba komai, baɗi ma rana ce.

Ita kuwa armandii da na ba wa shaidar rai, na kankare ta har gindi, ko'ina busasshe. Iya ta ce a ba ta lokaci, kada a yi gaggawa. Muka jira har watan Yuni, ko tsiro ɗaya ba ta yi ba, a ƙarshe da wannan shebur ɗin na tone ta. Dama ita ba ta jure tsananin sanyi kamar 'yan uwanta, kuma ganyen da ta riƙe ne ya rufe mini ido.

A watan Yuli ta bakin ƙofa ta buɗe. Furanni masu launin shunayya, kowane ya kusa tafin hannu, suka rufe bangon har saman ƙofa. Iya ta sa na fito mata da kujera, ta zauna a gabanta har la'asar, ba ta ce uffan ba, ni ma ban dame ta ba.

Abin da ke ba ni kunya har yau shi ne, ni ɗan ƙasar da gawo yake ne, bishiyar da ke kakkaɓe ganyenta da damina ta tsaya kamar matacciya, sannan ta yi kore lokacin da kowa ya bushe. Ba manomin da zai sare gawo don ya gan shi tsirara a watan Agusta. Na san wannan tun ina yaro, amma da na je baƙon wuri sai na manta. Hasali ma harshenmu ya raba "ta bushe" da "ta mutu", ni ne na haɗe su a waya, na kusa sa tsohuwa mai jinya makoki a kan abin da ke raye.

Saboda haka, 'yan uwana ɗalibai, tun daga wannan rana ba na saurin kai labarin mutuwar komai sai na durƙusa na kankare bawo. Allah Ya sa mu dace, amin.